Bin ƙungiyar jami'a zuwa wasan bowl a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Da Disamba ta kama, tambayoyin nan ne ke ta dawowa daga ɗalibanmu da ke karatu a Amurka, da iyayen da 'ya'yansu ke buga wa makaranta wasa ko suke cikin 'yan badujalarta, da waɗanda abokan aiki suka gayyata a karon farko. Mun jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi.

Mene ne wasan bowl, kuma wace ƙungiya ce ke samun zuwa?

Wasa ne guda ɗaya na ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, da ake haɗa ƙungiyoyin jami'o'i biyu bayan sun kammala kakarsu, galibi a garin da ba na kowa ba a cikinsu. Ana yin su daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, kuma sukan kai kusan 40 a shekara. Ƙungiyoyin babban rukuni, wanda ake kira FBS, sun haura 130. Kowacce tana buga wasa 12 a kaka, wadda ta ci 6 ta cancanci gayyata. Idan gurabe suka rage, akan ɗauko masu nasara 5, ana fifita waɗanda 'yan wasansu suka fi ƙoƙari a aji.

Mafi daɗewa shi ne Rose Bowl na Pasadena a Kalifoniya. An fara shi a 1902, inda Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema, kuma tun 1916 ake yin sa kowace shekara. Sugar Bowl na New Orleans, da Orange Bowl na Miami, da Sun Bowl na El Paso duk sun fara a 1935, Cotton Bowl kuma a 1937.

Duk darajarsu ɗaya ce?

A'a, kuma bambancin yana taɓa aljihu. Shida ne manya: Rose, Sugar, Orange, Cotton, sai Fiesta da ake yi a Glendale kusa da Phoenix, da Peach na Atlanta. Tun kakar 2024 gasar fitar da zakaran ƙasa ta koma ta ƙungiyoyi 12, sili-ɗaya-ƙwale. Zagayen farko a filin jami'ar da ta fi matsayi ake yin sa, kwata fainal da wasan kusa da na ƙarshe kuma a waɗannan manya shida, sannan wasan ƙarshe ya zo wata ranar Litinin cikin Janairu. Sauran wasannin, irin su Alamo Bowl na San Antonio, da Gator Bowl na Jacksonville, da Music City Bowl na Nashville, wasa ɗaya ne a ɗauki kofi a koma gida.

Wanda ƙungiyarsa ta shiga gasar 12 ɗin yana da lissafi na daban. Ƙungiya tana iya buga wasa huɗu a gari huɗu cikin wata guda, kuma ba za ka san ko akwai na gaba ba sai an tashi daga na yau. Mai ƙarfin tafiya ɗaya kacal sai ya zaɓa: ko ya je wasan da ya tabbata, ko ya ajiye kuɗinsa don wasan da ƙila ba zai zo ba. A ganinmu wanda ya tabbata ya fi, musamman ga ɗalibin da bai taɓa zuwa ba.

Yaushe zan san garin da za mu je?

Ranar Lahadin da ta biyo bayan wasannin fitar da zakarun ƙananan rukunonin da aka raba jami'o'in FBS cikinsu, wato a farkon Disamba. Da rana ake sanar da 'yan gasar 12, sauran kuma su yi ta fitowa har zuwa yamma. Wanda wasansa ya faɗo a tsakiyar Disamba, kwanakin shirinsa ba su wuce mako biyu ba.

Amma ba a cikin duhu ake jira ba. Kowane rukunin jami'o'i yana da yarjejeniya da wasu wasannin, don haka tun tsakiyar Nuwamba, idan ka dubi yawan nasarorin ƙungiyarka da jerin wasannin rukuninta, za ka iya rage zato zuwa gari biyu ko uku. A kan wannan zaton ake gina abin da ke cikin amsa ta gaba.

Me zan fara kamawa: tikitin wasa, jirgi, ko masauki?

Masauki, sannan jirgi, tikitin wasa a ƙarshe. Sabon shiga yakan yi akasin haka, ya ruga ya sayi tikiti don tsoron kada ya ƙare, sai ya juyo ya tarar kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabi, otal-otal na kusa kuma sun cika. Babban filin wasa yana ɗaukar mutum 60,000 zuwa 90,000, amma kujerun jirgin da ke tashi daga ƙaramin garin jami'a zuwa garin wasan 'yan ɗaruruwa ne a rana, kuma dubban mutane ne ke nemansu a sa'a ɗaya, a makon Kirsimeti da sabuwar shekara da dama can kowa ke kan hanya.

Dabarar ita ce, tun kafin ranar sanarwa ka kama ɗaki a kowane garin da kake zato, a kan farashin da ake iya sokewa ba tare da tara ba. Ka rubuta ranar ƙarshe ta soke kowanne. Da an sanar, ka soke sauran a daren. Jirgi kuwa, dokar ma'aikatar sufuri ta Amurka ta ce wanda ya sayi tikiti kai tsaye daga kamfanin jirgi, aƙalla kwana 7 kafin tashi, yana da sa'a 24 da zai soke a mayar masa da kuɗinsa, ko kamfanin ya riƙe masa farashin na sa'a 24 kafin ya biya. Wanda ya saya daren Asabar ko safiyar Lahadin sanarwa yana cikin wannan rangwamen. Idan ta hannun dillalan intanet ka saya, dokar ba ta tilasta musu ba, sai abin da sharuɗɗansu suka ce.

In sayi tikiti daga jami'a ko daga masu sake sayarwa?

Kowace jami'ar da aka gayyata ana ba ta kason tikiti ta sayar wa mutanenta. Amfanin saye a wurinta shi ne za ka zauna cikin naku, kusa da 'yan badujala, kuma ɗalibai sukan samu ragi mai yawa. Illarsa, a manyan wasanni ana raba kujerun ne bisa makin gudummawa, wato wanda ya daɗe yana ba sashen wasanni kuɗi shi ke gaba, sabon mai nema kuma ya tsinci kansa can ƙololuwa a kusurwa.

A ƙananan wasanni da matsakaita, farashi a shafukan sake sayarwa irin su StubHub, SeatGeek da Ticketmaster yakan faɗi ƙasa da na jami'a idan ranar ta matso, saboda kujerun sun fi masu nema yawa. Misalin da aka fi kawowa shi ne na jami'ar Connecticut a Fiesta Bowl na Janairun 2011: an ɗora mata tikiti 17,500, ta sayar da 2,771, ta tashi da asarar kusan dala miliyan 1.8 a tafiyar. Jira yana da riba a irin waɗannan, amma ban da Rose Bowl, ko wasan da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin take kusa da gida, ko ƙungiyar da ta yi shekaru ba ta je babban wasa ba, don mutanenta za su yi ɗango ne gaba ɗaya. Kafin ka biya, ka duba taswirar filin ka tabbatar da ɓangaren da aka ba ƙungiyarka, ka kuma kai har shafin ƙarshe ka ga jimillar kuɗi tare da ladan shafin.

An turo mini hoton tikiti a waya. Zai shigar da ni?

Kusan ko'ina ba zai shigar da kai ba. Tikitin yanzu a manhaja yake, kuma alamar da ake haskawa a ƙofa tana sauyawa bayan 'yan daƙiƙu, don haka hoton fuskar waya mataccen abu ne. Wanda ya sayar ko ya ba ka tikiti, sai ya tura shi ta cikin manhajar zuwa adireshin imel ɗinka, kai kuma ka karɓa, sunanka ya hau. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta manhajojin tura kuɗi irin su Zelle ko Cash App kafin ya turo, alhali ba ka san shi ba, ka ɗauke shi ɗan damfara, don kuɗin da ya tafi ta nan da wuya ya dawo.

Ka sauke tikitin cikin jakar tikiti ta wayarka tun kana otal. A bakin fili, inda dubban wayoyi ke neman sabis lokaci guda, manhajar takan ƙi buɗewa. Sanyi ma yana shanye batir, ƙaramin fawa banki a aljihu yana maganin wannan.

Kwana nawa kafin wasa ya kamata in isa?

Aƙalla kwana ɗaya cikakke, biyu idan za ka sauya jirgi a garuruwan dusar ƙanƙara irin su Chicago, Denver ko Minneapolis. A ƙarshen Disambar 2022, bayan wata guguwar hunturu, kamfanin Southwest shi kaɗai ya soke tashi sama da 16,000 cikin kwanaki kaɗan, daidai tsakiyar lokacin waɗannan wasannin. Idan an soke jirginka a makon, samun wata kujera a ranar abu ne mai wuya, don sauran jiragen a cike suke. Jirgin sassafe wanda ba ya yada zango ya fi tsira, saboda yawanci a filin ya kwana.

Ka duba filayen jirgi na biyu: Burbank ya fi babban filin Los Angeles kusa da Pasadena, Fort Lauderdale yana da kusanci da filin Orange Bowl kamar na Miami, Dallas kuma tana da Love Field ban da babban filinta na DFW. Ka lura da agogo ma. Lokacin da talabijin ke sanarwa na gabashin ƙasar ne; yawancin Teksas da New Orleans suna bayansa da sa'a 1, El Paso da Arizona a hunturu da sa'a 2, Kalifoniya da sa'a 3. 'Yan uwa da za su kalla daga Kano ko Zinder su ƙara sa'a 6 a kan lokacin gabas.

Mota tana da sauƙi idan mutum huɗu za su raba kuɗin mai kuma tafiyar ba ta wuce yini ɗaya ba. Kamfanonin haya sukan ɗora ƙarin kuɗi na kowace rana a kan direban da bai kai shekara 25 ba, kuma duk wanda zai taɓa sitiyari sai sunansa ya kasance a takardar haya, in ba haka ba inshora ba za ta biya ba idan tsautsayi ya faɗa.

A ina ya fi dacewa in sauka?

Ba lallai kusa da filin wasa ba. Da yawa daga filayen a bayan gari suke, babu abin yi a kusa da su sai ranar wasan, alhali taron magoya baya da faretin badujala a tsakiyar gari ake yi. Jami'a takan sanar da otal ɗin da ta ware wa magoya baya, kuma daga nan ne bas-bas ɗin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ke tashi, don haka ko ba ka kwana a cikinsa ba, kusantarsa tana da amfani.

Abu uku ke kama mutane a nan. Otal-otal na New Orleans, Miami da Pasadena sukan gindaya sharaɗin kwana biyu ko uku a makon sabuwar shekara. Wasu ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba ɗaki, wannan kuwa ya shafi ɗalibai kai tsaye. Sannan akan riƙe wani kuɗi a katinka na jingina har sai ka fita, idan katin cire kuɗi ne daga asusu, kuɗin yakan yi kwanaki kafin ya dawo. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan makaranta ya tambaya tun da wuri ko ana rufe ginin a hutun hunturu, kada ya dawo daga wasa ya tarar ba wurin kwana.

Waɗanne kuɗaɗe ne ba a gani sai an je?

Farashin da ke jikin kaya ko takardar abinci bai haɗa da harajin saye ba. A gidan abincin da ake kawo maka a tebur, tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kamar wajibi yake, don shi ne mafi yawan abin da ma'aikacin ke samu. Otal yana da harajin kwana, wasu da ƙarin kuɗin hidima na kowane dare, da kuɗin ajiye mota. Wurin ajiye mota a filin wasa a babban wasa yakan yi tsada sosai kuma galibi sai an saya tun kafin ranar. Uber da Lyft suna ninka farashi da an tashi daga wasa. Idan ka gama lissafin jirgi, ɗaki da tikiti, ka ware wani kaso mai kauri a gefe domin waɗannan.

Ni ɗalibi ne ɗan ƙasar waje. Wace takarda zan riƙe? Daga gida kuma ana iya zuwa?

Tafiya cikin Amurka, har da Hawayi, ba ta buƙatar sabuwar biza. Amma tun 7 ga Mayu 2025, lasin tuƙi ko katin shaidar jiha ba ya hawa da mutum jirgi sai mai alamar REAL ID. Fasfo ɗin ƙasarka kuwa ana karɓarsa. Ka riƙe fasfo da takardar I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje, musamman idan wasan a El Paso ne, ko San Diego, ko Tucson. A manyan hanyoyin da ke kusa da iyakar Meziko akwai shingayen jami'an tsaron iyaka, irin na Sierra Blanca a kan hanyar I-10 gabas da El Paso, suna kuma tambayar matsayin zama. Kada abokai su ja ka tsallaka gada zuwa Juarez, birnin Meziko da ke tsallaken El Paso, cin abinci: fita ce daga ƙasar, kuma dawowa na buƙatar cikakkun takardun shiga, har da sa hannun jami'in makaranta a kan I-20.

Mai son tasowa daga gida bizar ziyara yake buƙata, da cike fom ɗin DS-160 da ganawa a ofishin jakadanci. Makonni biyu ko uku tsakanin sanarwa da wasa ba sa isa ga wanda ba shi da biza a hannu, ga shi kuma a 2025 Amurka ta tsaurara ko ta dakatar da ba da biza ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya, Nijar, Chadi da Sudan. Iyayen ɗan wasa su fara da shafin ofishin jakadancin kafin su kashe ko sisi.

Ta yaya zan kai fili ranar wasa?

Ya danganta da garin. A Atlanta jirgin ƙasa na MARTA yana sauke mutum a gindin filin Mercedes-Benz, mota wahala ce kawai. A New Orleans, daga yawancin otal-otal na tsakiyar gari da ƙafa ake zuwa filin Superdome. A Arlington, inda ake Cotton Bowl a filin AT&T, babu jirgin ƙasa ko bas ɗin gari da ke kaiwa fili, sai mota ko bas ɗin da aka yi haya. Haka filin State Farm na Glendale, jirgin cikin garin Phoenix bai kai can ba. Filin Hard Rock, inda ake Orange Bowl, yana Miami Gardens, tsakanin Miami da Fort Lauderdale, shi ma na mota ne. Pasadena tana da amsarta a ƙasa.

Ka yi niyyar kasancewa a ƙofa sa'a ɗaya da rabi kafin a take wasa. Layin bincike yana cushewa a rabin sa'ar ƙarshe, kuma wanda ya makara ya rasa fitowar 'yan badujala, wadda ga mutane da yawa tana cikin abin da suka zo gani.

Me aka yarda a shiga da shi?

Jakar roba garai-garai da ake ganin cikinta, wadda ba ta wuce inci 12 da 6 da 12 ba, wato kusan santimita 30 da 15 da 30, ko ledar firiza mai cin galan ɗaya, sai ƙaramar fos mai girman tafin hannu, kimanin inci 4.5 da 6.5. Jakar goyo da jakar hannu ta mata ba sa shiga, kuma ba kowane fili ke da wurin ajiya ba, sai a koma mota. Akan yi sassauci ga kayan magani da na jarirai bayan an bincika. Lema, abincin waje da kwalban ƙarfe galibi an hana. Wanda ya fita ba ya dawowa.

Yawancin filayen sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya. Katin bankin gida yakan ƙi aiki ko ya zo da iyakar kashewa, a gwada shi tun a gari.

Wane irin kaya zan sa?

Launin ƙungiyarka a sama, abin da zai tare sanyi a ciki. Superdome, da filayen Arlington, Glendale, Atlanta da Alamodome na San Antonio duk masu rufi ne, sanyinsu a hanya da layin shiga yake. Pinstripe Bowl na filin Yankee a New York, da Fenway Bowl na Boston, da wasan Boise a Idaho a sarari ake yi, kuma zama sa'a huɗu a kan benci a sanyin da ruwa ke daskarewa ya wuce duk wani hunturun da aka sani a gida. Riga uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya: mai kama jiki a ciki, ta ulu a tsakiya, mai tare iska a waje, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da safa mai kauri. Ta ƙafa sanyin ke shiga, daga siminti. Ma'aunin da za ka gani na Faranhait ne: 32 shi ne sifili a ma'aunin Selsiyas, 50 shi ne 10, 68 shi ne 20. Pasadena da Arizona suna yaudara, da rana zafi, da rana ta faɗi sanyi ya sauko nan take.

Yaya batun salla da abinci?

Yinin hunturu gajere ne. A Pasadena ranar 1 ga Janairu kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Wasan da aka fara da rana yakan cinye La'asar da Magariba. Tafiyar ta kai ta kasaru ga kusan kowa, kuma a mazhabar Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba matafiyi ne. Batun haɗa salloli a tambayi malami kafin a tashi. A shiga da alwala, domin a hutun rabin lokaci layin banɗaki sai wanda ya gani. Siririyar darduma mai naɗewa tana shiga jakar roba. Ofishin kula da baƙi na filin shi ake tambaya wurin da ba hayaniya, kuma tsakiyar zango na biyu ko na uku cikin zango huɗu na wasan farfajiya ta fi zama fayau.

Naman alade yana ɓuya a abincin da ba a zato. A New Orleans, gumbo da jambalaya da wake da shinkafa galibi da tsiran alade ake dafa su. Sanwicin Kuba na Miami alade ne. Dakakken waken gidajen abincin Meziko a Teksas da Arizona sau da yawa da kitsen alade ake soya shi. A tambaya kai tsaye, ba a jin haushin tambayar. A cikin fili abin da ya fi kuɓuta shi ne gugguru, gyaɗa, soyayyen dankali da fiza ta cuku zalla. Atlanta, Dallas, Houston, Phoenix da Los Angeles duk suna da masallatai da gidajen abincin halal da yawa, a ci a ƙoshi kafin a nufi fili.

Mece ce walimar da ake yi a wurin ajiye motoci, kuma sai an gayyace ni?

Sa'o'i kafin wasa magoya baya suna buɗe bayan motocinsu, su kafa rumfa, su hura gawayi, a gasa nama a yi ta hira. Wanda ya sa launin ƙungiya ya yi gaisuwa, da wuya a bar shi tsaye. Idan an gayyace ka, ka tafi da wani abu a hannu, ko lemo ne ko ƙanƙara. Wanda ya kawo nasa naman da takardar alminiyom da zai shimfiɗa a kan wayar gashin nama ya huta da tambaya. Ana shan giya sosai a wurin, amma cewa ba ka sha ba ya jawo magana. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ma takan shirya tata walimar ta kuɗi, da abinci da zuwan 'yan badujala, ana sayen tikitinta tun kafin ranar.

Ban san dokokin wasan ba. Me zan riƙe don kada in zauna kamar baƙo?

Kowane ɓangare mutum 11. Mai riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi 10. Idan ya ci, a sabunta masa huɗun, idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa a dama ta huɗu akan buga ta can nesa. Kai ƙwallo bayan layin ƙarshe maki 6 ne, da ƙarin 1 ko 2. Bugun da ya ratsa tsakanin sanduna maki 3. Zango huɗu ne na minti 15, da hutun minti 20 a tsakiya, amma da tsayawar agogo da tallan talabijin wasa yakan kai sa'a uku da rabi. Ba a tashi canjaras.

Ɗabi'ar 'yan kallo ɗaya ce take bambanta sabo da tsoho: idan ƙwallo tana hannun naku, a yi shiru don 'yan wasa su ji umarnin junansu, idan tana hannun abokan karawa, musamman a dama ta uku, a nan ake tsaga ihu. A ɓangaren ɗalibai a tsaye ake kallo daga farko har ƙarshe, mai tafiya da dattijo ko ƙananan yara ya nemi kujera a wani wuri.

Manyan 'yan wasanmu za su buga kuwa?

A gasar 12, kusan duka. A sauran wasannin, ba tabbas. Tun 2016, da Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka ƙi buga wasanninsu don gudun rauni gab da shiga gasar ƙwararru ta NFL, abin ya zama ruwan dare. Ga masu sauya makaranta a Disamba, ga masu horarwa da ke karɓar sabon aiki. Florida State ta je Orange Bowl na 30 ga Disamba 2023 ba tare da ɗimbin 'yan wasanta ba, Georgia ta doke ta 63 da 3. A 2024 Marshall ta janye daga Independence Bowl ɗungurungum saboda yawan waɗanda suka bar ta. Wanda don ɗan wasa ɗaya zai yi tafiyar, ya jira sanarwarsa, wadda ke fitowa cikin mako ɗaya ko biyu bayan ranar Lahadin nan. Wannan ma wani dalili ne na barin tikitin wasa zuwa ƙarshe.

Idan aka ɗage wasan ko aka soke shi fa?

Yana faruwa. A 26 ga Disamba 2018 aka tsayar da First Responder Bowl a Dallas a zangon farko saboda tsawa, ba a kuma ci gaba ba. Ƙa'idar ita ce a jira minti 30 bayan walƙiya ta kusa, duk sabuwar walƙiya kuma ta mayar da lissafi farko. A 2021 an soke Holiday Bowl na San Diego sa'o'i kaɗan kafin a fara, da korona ta kama 'yan wasan jami'ar UCLA. Sugar Bowl na 1 ga Janairu 2025 kuma an mayar da shi washegari bayan harin da aka kai da mota a titin Bourbon, wanda ya kashe mutum 14.

Idan an soke, kuɗin tikiti yakan dawo ta inda ka saya. Idan ɗagewa aka yi, tikitin yana nan da ransa a sabuwar ranar, kuma ba lallai a mayar maka da kuɗi don ba ka iya tsayawa ba. Otal da jirgi babu ruwansu da wasan. Dokar mayar da kuɗin jirgi tana aiki ne idan kamfanin ya soke tashi, ko ya jinkirta shi sa'a 3 ko fiye a cikin ƙasa kuma ka fasa tafiyar. Shi ya sa tikitin dawowa da ake iya sauyawa, da barin yini guda a bayan wasa, suka cancanci ɗan ƙarin kuɗinsu.

A Pasadena, ana iya ganin faretin furanni da wasan a rana ɗaya?

Ana iyawa, da sammako. Faretin yana tashi ƙarfe 8 na safiyar 1 ga Janairu, ya bi titin Colorado, tsawon mil 5.5. Idan ranar ta faɗo Lahadi, da faretin da wasan duk sai 2 ga wata. Kallo daga gefen titi kyauta ne, kuma tun tsakar ranar 31 ga Disamba mutane ke kama wuri su kwana a nan. Kujerun benci kuwa na kuɗi ne. Mai zuwa wasa ya nemi wuri a farkon hanyar, wajen mahaɗar Orange Grove da Colorado ko cikin Old Pasadena, domin a nan faretin ke fara wucewa kuma nan ya fi kusa da fili.

Kada ka kawo mota tsakiyar gari. Ka hau jirgin Metro layin A ka sauka a tashar Memorial Park. Daga filin ajiye motoci na Parsons da ke kusa akwai bas na kyauta zuwa filin wasa, ko ka taka da ƙafa kusan mil biyu, gangara a zuwa, hawa a dawowa. Masu mota ana ajiye su ne a kan ciyawar filin golf na Brookside. Da dare duk wurin kama ɗaya yake, a ɗauki hoton lambar da ke kusa da motar, a kuma sa mata alama a taswirar waya.

Da an tashi, yaya zan fita ba tare da na kwana a cunkoso ba?

Idan naku ne suka ci, ka zauna: ana miƙa kofi a tsakiyar fili, 'yan wasa su zo gaban 'yan badujala a rera taken makaranta, kafin a gama rabin cunkoson ya wuce. Idan da Uber za ka koma, ka taka minti 15 zuwa 20 daga fili zuwa wani gidan mai ko kanti mai haske kafin ka kira, domin a wurin da aka ware kusa da ƙofa direbobi ba sa iya kutsowa kuma farashin a ninke yake. Ku tsayar da wurin haɗuwa da abokan tafiya tun kafin a shiga, lambar ƙofa ko wani gini da kowa ya gani, saboda waya ba abin dogaro ba ce a lokacin. Jirgin dawowa kuma kada ya zama na daren wasan, ko na asubar washegari idan wasan na dare ne. Wasan da aka fara ƙarfe 8 yakan kai kusan sha biyu, kafin ka isa otal ɗaya ta gota.